Babi na Shida: Oktan, Etanol da Man da Motocin Gure Ke Sha

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi da Damagaram ta miƙe Difa da Ngigmi, ita ce kwaltar da Gure ke taƙama da ita. Daga Damagaram tafiyar kilomita wajen 160 ce. Amma yawancin aikin da motocin Gure ke yi ba a kan kwaltar nan suke yinsa ba. Mai zuwa Kelle ko Tasker ta arewa, da mai gangarawa Bune da iyakar Yobe ta kudu, da mai kwaso dabbobi daga rugage zuwa kasuwar Subdu, da mai ɗauko kanwa da dabino daga kwarurukan da ke kewayen Gidigir, duk rairayi suke kutsawa. Mota ta sha lodi har ta zauna, rana ta take, zafin Afrilu da Mayu ya haura digiri 40, direba ya taka totur don ya haye tudu. A daidai lokacin ne kunnen gwani ke tsinkayar wata siririyar ƙara daga cikin inji, ƙas-ƙas-ƙas, ƙarfe yana dukan ƙarfe. In ya sassauta ƙafa ta ɗauke, in ya sake takawa ta dawo. Sai ka ji ya ce wa yaron motarsa, "Kai, man nan da ka zuba mana ba shi da kyau."

Sau da yawa gaskiyarsa ce. Wannan ƙwanƙwasar ita ce ke hana masu motocin tsere barci a Amurka da Turai da Barazil, kuma maganin da suka fi so a yau shi ne su gauraya fetur da etanol, wato tsantsar sinadarin barasa da ake tatsowa daga rake ko masara ko rogo. Duk saurayin da ke kallon tseren motoci a wayarsa ya taɓa cin karo da lambobi irin su E10 da E30 da E85. Lambar tana nuna kashi nawa ne etanol cikin ɗari. Tunda rake da rogo suna fitowa a kwarurukanmu, tambayar da ke zuwa zuciya ita ce, me zai hana mu ma mu gauraya? Kafin a amsa, sai mun leƙa cikin silinda.

Wutar da ta riga lokacinta

An san yadda fistin ke sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ƙyasta, wuta ta tura fistin ƙasa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a lafiyayyen inji man ba fashewa yake yi ba, ci yake yi a jere. Wutar tana tashi daga bakin fulogi ta bazu zuwa bangon silinda, kamar wutar daji da ta kama busasshiyar ciyawa daga gefe ɗaya tana tafiya. Duk abin bai wuce 'yan ɓangarori cikin dubu na daƙiƙa ba, amma yana da tsari, kuma tsarin ne ke sa turawar ta zo wa fistin da sauƙi.

Matsalar tana can lungun da wutar ba ta kai ba tukuna. Iska da man da ke wurin suna shan matsi daga fistin, suna shan matsi da zafi daga wutar da ke tahowa. In man ba mai juriya ba ne, sai ya kama da kansa kafin wutar ta iso, gaba ɗaya, a lokaci guda. Bugun da wannan ke haifarwa ne ke kai da komowa cikin silinda, kunne ya ji shi a waje. Kaɗan na ɗan lokaci ba ya kashe inji. Wanda ya daɗe, ga lodi ga zafi, shi ke cinye kan fistin, ya karya ringi, ya ƙona gasket, ya gajiyar da metal, har ranar da za a ce inji ya buga.

Abubuwa uku ne ke kiran ƙwanƙwasa: matsi mai yawa, zafi mai yawa, da mai maras juriya. Biyun farko Gure tana da su a wadace. Iskar da inji ke zuƙa a bazara ta riga ta yi zafi tun kafin a matse ta, rairayi kuma yana sa mota ta yi aiki da dukan ƙarfinta alhali ba ta gudu, iskar da ke sanyaya lagireto ta ragu. Shi ya sa man da zai kai ka Difa a kan kwalta da sanyin asuba ba tare da ƙorafi ba, shi ne zai yi ta kuka a tudun Tasker da azahar.

Me lambar ke aunawa

Lambar oktan ma'aunin wannan juriya ce, ba ma'aunin ƙarfi ba. Wani masanin sinadarai Ba'amurke, Graham Edgar, shi ya kafa mizanin a wajajen 1927. Ya ɗauki sinadarai biyu: iso-oktan mai tsananin juriya aka ba shi 100, da heptan mai saurin kamawa aka ba shi sifili. Idan an ce mai lambarsa 91, ana nufin yana jure matsi daidai da haɗin da ke da kashi 91 na iso-oktan da kashi 9 na heptan. Ana gwajin ne a wani inji na musamman mai silinda ɗaya, wanda ake iya ƙara masa matsi har sai ƙwanƙwasa ta bayyana. Ba a gane lambar da ido, ba a gane ta da hanci, launin mai kuma rini ne kawai.

Hanyoyin awon biyu ne, ɗaya mai sauƙi ɗaya mai tsanani. Mu da Turai muna rubuta sakamakon mai sauƙin, Amurka kuwa tana haɗa biyun ta raba. Don haka wanda ya sayi motar da ta fito daga Amurka ya ga an rubuta 87 a littafinta, kada ya ɗauka ta fi sauran haƙuri. Wannan 87 ɗin shi ne kusan 91 namu, irin super ɗin da ake sayarwa a gidajen mai.

A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi. Lita ɗaya ta mai lamba 98 ba ta fi lita ɗaya ta mai lamba 91 kuzari ba. Abin da babbar lamba ke yi shi ne ta ba maƙerin inji damar ƙara matsi, ko ya sa turbo ta cusa iska, ko ya matso da lokacin ƙyastawa gaba. Ƙarfin daga injin yake fitowa, man izini kawai ya bayar. Babur ɗin kabu-kabu mai matsin wajen 9 bisa 1, in ba ya ƙwanƙwasa da 91, ko ka zuba masa 100 ba zai ƙara gudu ba.

Gubar da aka zaɓa a 1921

Neman maganin ƙwanƙwasa ya girmi motocin da muke gani. A kamfanin General Motors, Charles Kettering da Thomas Midgley sun gwada sinadarai bila adadin, kuma tun a lokacin sun san etanol yana maganinta. A watan Disamba na 1921 suka gano cewa ɗan digon wani haɗi na dalma yana yin aikin. Etanol kowa na iya dafa shi, ba a mallakarsa. Haɗin dalmar kuwa ana iya yi masa rajista a ci riba a kan kowace lita. Aka zaɓi dalma, aka fara sayar da ita a 1923 a birnin Dayton. A watan Oktoba na 1924 ma'aikata biyar suka mutu a masana'antar Bayway da ke New Jersey bayan gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Duk da haka aka ci gaba.

Shekaru da dama hayaƙin salansa yana watsa dalma a tituna, yara suna shaƙa, tana daƙushe musu kaifin fahimta. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun yi alkawari a Dakar a 2001, suka daina man dalma daga farkon 2006. Aljeriya, maƙwabciyarmu ta arewa, ita ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Wannan tarihi ya kamata ya zauna a zuciyar duk mai son ƙara wa mai wani abu. Abin da aka zuba a tanki ba ya tsayawa a tanki, yana fita ta salansa ya shiga ƙirjin mai tallar da ke bakin tasha. Bayan an kori dalma ne etanol ya dawo da ƙarfinsa, kuma ta fuskar lafiyar jama'a dawowar alheri ce.

Kyautar etanol

Lambar oktan ta tsantsar etanol wajen 108 ce. In aka zuba lita 5 nasa cikin lita 45 na mai lamba 91, lissafin kai tsaye zai ba da kusan 93, a aikace kuma yakan ɗara haka kaɗan, domin kason farko ya fi tasiri. Wannan kyauta ta farko ke nan.

Ta biyu ita ce sanyi. Etanol yana shan zafi wajen zama tururi fiye da ninki biyu na abin da fetur ke sha. Wanda aka taɓa goga wa alkol kafin allura ya san sanyin da yake bari a fata. Haka yake yi wa iskar da ke shiga silinda. Iska mai sanyi ta fi cika wuri, ta fi jure matsi. Ga inji mai turbo, wanda ke dumama iska yayin cusa ta, wannan sanyin ya kusa kai lambar oktan ɗin daraja.

Misalai biyu daga Suwidin sun isa. A 2005 kamfanin Saab ya fitar da motarsa 9-5 BioPower. Da fetur tana ba da ƙarfin doki 150, da E85 kuma 180, inji ɗaya ne, sai dai kwamfutar motar tana gane man ta ƙara wa turbo izini. Motar Koenigsegg CCX tana ba da doki 806 da fetur, 'yar'uwarta CCXR da aka gyara don E85 a 2007 ta kai 1,018. A filin tsere ma haka: motocin IndyCar sun koma etanol a 2007, gasar NASCAR ta ɗauki E15 a 2011, Formula 1 ta sa kashi 10 cikin manta a 2022.

Mai karatu ya lura da abu ɗaya a duk misalan nan. Ba mai kaɗai aka canza ba. An faɗaɗa nozul, an ƙarfafa famfon mai, an sa tiyo da robobin da etanol ba ya ci, an sake rubuta umarnin kwamfuta, galibi kuma akwai na'urar da ke auna yawan etanol a cikin tiyo kowane lokaci. Masu haɗa E30 ko E40 a garejinsu ma gwada abin da suka saya suke yi kafin su zuba, domin abin da ake kira E85 a famfon Amurka yana iya sauka har kashi 51, musamman da hunturu. Wasan masu awo ne.

Abin da yake karɓa a madadi

Etanol ba ya bayarwa kyauta. Kusan kashi 35 cikin ɗari na nauyinsa iskar oksijin ce, abin da ya riga ya ƙone ke nan, ba ya ba da zafi. Shi ya sa litarsa take da kuzarin da bai wuce kashi biyu cikin uku na litar fetur ba. Kilo ɗaya na fetur yana buƙatar iska kilo 14.7 don ya ƙone daidai, etanol kilo 9 kawai. Ma'ana, iskar da injinka ya zuƙa tana neman etanol mai yawa fiye da fetur.

Da E10 bambancin shan mai bai wuce kashi 3 cikin ɗari ba. Da E85 yakan kai kashi 25 zuwa 30. A ƙasar da gidan mai yake kowace kusurwa wannan maganar aljihu ce. A wurinmu maganar rai ce. Direban Land Cruiser da zai bar Gure ya bi ta Tasker ya nufi Bilma ko Dirku da duro yake lissafi, ba da lita ba. Tafiyar duro huɗu za ta zama ta biyar da ɗoriya, kowane ƙarin duro kuma ya ci wurin ruwa ko na kaya, ya ƙara nauyin da ke binne taya. 'Yan Barazil, waɗanda suka fi kowa sanin wannan mai, suna da ƙa'idar da kowane direban tasi ya haddace: in kuɗin litar etanol ya wuce kashi 70 cikin ɗari na kuɗin fetur, to fetur ya fi araha.

Sai kuma injin kansa. Mota mai kwamfuta, irin V6 ɗin Land Cruiser mai lita 4, tana da na'urar da ke shinshinar hayaƙi ta ƙara mai, tana da wadda ke jin ƙwanƙwasa ta ja lokacin wuta baya. Tana iya gyara kanta zuwa wani iyaka, E10 ba ya damunta. Kafireta kuwa rami ne aka huda, ba ya tunani. Baburanmu, da injin ban ruwa na kwari, da janareton shago, da tsofaffin motocin kasuwa, duk kafireta ne. Ka ba su haɗi mai etanol da yawa, iska ta rinjayi mai, inji ya yi zafi, bawul ya ƙone. Tsohuwar roba takan kumbura ko ta tsage, tsatsar da ta daɗe kwance a tanki da duro takan taso ta toshe filta. A tsananin zafi ma, ɗan etanol yana ƙara wa fetur saurin tururi, sai mota ta ƙi tashi bayan an tsaya sallah. Garin neman gira, sai a rasa ido.

Mai motar gazuwal kuwa babin nan bai shafe shi ba ko kaɗan. Injinsa matsi yake jira don man ya kama da kansa, wato abin da injin fetur ke gudu shi yake nema. Etanol a tankin gazuwal ɓarna ce zalla.

Ruwa, da darasin 2022

Babban abokin gaban haɗin nan ruwa ne. Etanol yana son ruwa fiye da yadda yake son fetur. Haɗin E10 yana iya riƙe ruwa wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari, wato cokalin shayi guda a kowace lita. In ya wuce haka, etanol ya rabu da fetur ya bi ruwan su kwanta a gindin tanki. Abin da ya rage a sama ya rasa oktan ɗin da aka ƙara masa, abin da ke ƙasa kuma, inda famfo ke zuƙa, ba ya tayar da inji.

Tukunyar dafa etanol, komai gwanintar mai ita, ba ta wuce kashi 95 zuwa 96. Sauran ruwan ba ya fita sai da na'urar busarwa ta masana'anta, wadda ke kai shi sama da kashi 99. Alkol ɗin kantin magani kuwa lamba 70 ne ko 90. Lita ɗaya ta mai lamba 90 tana ɗauke da ruwa wajen kashi ɗaya cikin goma. Zuba ta a lita 9 na fetur, ka shigar da ninki biyu na abin da haɗin zai iya riƙewa. Da rana zafi yana iya ɓoye laifin, sanyin asubar hunturu ya tona shi.

Yanzu a dubi yadda mai ke zuwa hannun mafi yawanmu. Bayan gidajen mai, akwai 'yan ruwa-ruwa da teburinsu na kwalabe, akwai jarkokin da suka yi shekaru suna ƙetaro iyaka daga Nguru da Machina da Maigatari. Mutane ne masu neman halaliyarsu, kuma a ƙauyukan da babu famfo su ne gatan mai babur da mai kai maras lafiya asibiti. Amma daga duro zuwa jarka, daga jarka zuwa kwalba ta mazurari, a buɗe, cikin ƙura da raɓa da damina, babu inda ake auna komai. Fetur zalla yana jure wannan tafiya, domin ruwa ba ya narkewa cikinsa. Mai etanol ba ya jurewa. In kuma aka sami maras tsoron Allah ya tsawaita man da kananzir ko gazuwal, oktan ya faɗi ƙasa warwas, domin waɗannan biyun ba su da juriyar matsi.

Wanda ke ganin ana zuzuta haɗarin ya tuna watan Fabrairu na 2022 a Najeriya. Jiragen ruwa sun kawo fetur daga tashar Antwerp ta Beljiyam, aka gano yana ɗauke da metanol fiye da ƙima. Metanol ɗan'uwan etanol ne, shi ma oktan ɗinsa babba ne, amma ya fi cin ƙarfe da roba, kuzarinsa rabin na fetur ne, kuma guba ce mai makantarwa da kisa. Motoci suka lalace, aka janye man, Abuja da Legas suka yi makonni cikin layi. Shugaban kamfanin mai na Najeriya, NNPC, na lokacin, Mele Kyari, ya bayyana cewa gwajin da aka saba yi a tashar lodi da ta saukewa bai haɗa da neman metanol ba. Ƙasa mai ɗakunan gwaji da hukumomi ta faɗa wannan rami saboda awo ɗaya da ba a yi ba. Ina ga mai mazurari a bakin tasha?

Inda haɗin ya yi nasara

Wannan ba yana nufin etanol mugun abu ba ne. Barazil ta ƙaddamar da shirinta na Proálcool a watan Nuwamba na 1975, bayan tashin farashin mai na 1973. A 1979 motar Fiat 147 mai shan etanol zalla ta fito, a 2003 Volkswagen Gol mai karɓar kowane haɗi ta biyo. Etanol ɗin da ke cikin fetur ɗin famfonsu ya kai kashi 27 a 2015, aka ɗaga zuwa 30 a 2025. A Afirka ma Zimbabwe ta fara a Triangle a 1980, Malawi a Dwangwa a 1982, dukansu daga baƙin ruwan da ke saura bayan an fitar da sukari. Su biyun ƙasashe ne marasa teku irin tamu, masu neman rage kuɗin da ke fita waje. Najeriya kuwa ta rubuta manufar E10 tun 2007, amma ba ta zama ruwan dare a famfo ba, domin takarda ba ta dafa etanol.

Abin da ya haɗa masu nasarar shi ne, a daffo ake gaurayawa, da busasshen etanol, da awo, da doka, ga masana'antar sukari a bayansu. A wasu wurare kuma ana zuba wa etanol ɗan fetur tun a masana'anta don kada ya shawu. Wannan ya taɓo tambayar da musulmi zai yi. Malamai da dama na wannan zamani sun bambanta tsakanin shan barasa, wanda haramcinsa ba shi da shakka, da amfani da sinadarin a magani ko tsabtace rauni ko aikin masana'anta. Mai son natsuwa ya kai maganar gaban malaminsa.

Nijar tana da dalilin duba lamarin. Matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram ta fara aiki a watan Nuwamba na 2011, tana tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem da bututun kilomita 462 ke kawowa. Kamfanin CNPC na Sin yana da kashi 60, gwamnati 40, kamfanin mai na ƙasa, SONIDEP, kuma ke rarrabawa. Da Najeriya ta janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, man jarka ya daina araha, jama'a suka koma famfo, buƙata ta hau. Layukan watan Maris na 2025 sun nuna cewa abin da ake tacewa bai wadatar ba. Kashi 10 na etanol zai iya tsawaita abin da ke akwai, ya kuma ɗaga oktan ba tare da guba ba.

Rake da rogon kwari

To daga ina etanol ɗin zai fito? Tan ɗaya na rake yana ba da lita 70 zuwa 80. Tankar mai ɗaukar lita 40,000, in za a mai da ita E10, tana buƙatar lita 4,000, wato rake sama da tan 50. Tanka ɗaya ke nan. Rake kuma yana shan ruwa milimita 1,500 zuwa 2,500 kafin ya isa yanka, alhali ruwan saman Gure a shekara yana kai da komowa ne a wajajen milimita 300. Raken da ake sha a kasuwanninmu da ruwan ƙasa yake rayuwa, ruwan da ke kusa da fuska a gindin kwari. Da wannan ruwan ne dabino da goruba suke tsaye, da shi ake noman rogo da albasa da masara, shi garke ke sha da rani. Rairayi kuma yana matsowa, har sai da aka kafa shiri na musamman mai suna PLECO don kare kwarurukan Gure da Maine-Sorowa, mutane suna kafa shingen kaba a kan tuddai suna dasa itatuwa.

Rogo ya fi rake ba da etanol, wajen lita 150 a tan ɗaya, amma rogo shi ne abin da gida ke komawa gare shi shekarar da gero ya ƙi. Ni a wurina hukuncin a fili yake. Kwarin da ke ciyar da gari ba wurin noman abincin mota ba ne. In Nijar za ta yi etanol, ta yi shi inda kogi yake, daga ragowar masana'antar sukari, bayan an fitar da abin da mutane za su ci.

Abin yi a yau

Direban da motarsa ke ƙwanƙwasa ya fara da abin da ke hannunsa. Ya sauko da giya maimakon ya danne totur a babbar giya, domin inji mai juyawa da sauri ya fi tsira daga mai nishi a hankali. Ya wanke lagireto daga ƙura da ƙaiƙayi, ya duba fanka da ruwa. Ya sa bakanike ya duba lokacin wuta, da lambar fulogi, da gawayin da ya taru a kan fistin, da filtar iska, da kafireta ko nozul. Ya riƙe mai sayarwa ɗaya da ya aminta da shi, ya tace man da kyalle mai tsabta, ya rufe duro, ya ajiye shi a inuwa, kada ya bar shi ya kwana watanni. In bayan duk wannan ƙarar ta ci gaba da wani mai ta ɗauke da wani, to man ne, a canza wurin saye. Wanda ya mallaki mota mai turbo da littafinta ya ce 95 ko 98, ya sani ya sayi abin da famfonmu bai tanada masa ba. Ya tafi da ita a hankali cikin zafi, kada ya nemi cike giɓin da kwalbar kantin magani.

Babban aikin kuwa na hukuma ne. Ministocin yankin Afirka ta Yamma sun amince a Wagadugu a watan Fabrairu na 2020 da ma'aunin mai guda, har da rage sinadarin kibiritu zuwa kashi 50 cikin miliyan. Ma'auni ba ya amfani in babu mai aunawa. Akwai ƙananan na'urorin gwaji da ake ɗauka a hannu, masu nuna oktan da etanol da metanol cikin mintoci. Ya kamata kowace babbar gunduma irin Gure ta sami guda, da ma'aikacin da ya iya ta, a riƙa ɗibar samfuri daga famfo da tebur, a liƙa sakamakon a tasha inda ƙungiyar direbobi za ta gani. Makarantun koyon sana'a kuma su sa darasin mai cikin karatun kanikanci, ba ƙarfe kaɗai ba.

Etanol yana ɗaga oktan, wannan gaskiya ce da filin tsere da titunan Barazil suka tabbatar. Amma gaurayawar aikin daffo ce da ɗakin gwaji, ba ta jarka da mazurari ba. Abin da motocin Gure suka fi buƙata ba lamba 100 ba ce. Suna buƙatar 91 ɗin da aka ce ana sayar musu ya zama 91 na gaskiya, babu ruwa, babu kananzir, daga famfon gari har teburin ƙauye. Direbobi da kanikawa su nemi wannan haƙƙi, hukuma kuma ta kawo ma'auni.